Na Hana Su Amsa Wa Kowa

Sannunku da zuwa, 'yan uwa masu karatu. Sunana Polona, kuma tun kafin mu yi nisa ina roƙon ku da ku rage mini dariya, don wadda na sha a ƙauyenmu cikin makon nan ta ishe ni har shekara ta zagayo.

A laburaren gari nake aiki, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa kai ta ƙauyenmu. Kada ku zaci jarumta ce ta kai ni. Kakana ɗan ƙungiyar ne, marigayi Babana ma haka, shugabanta kuwa Kawu Stane ne, ƙanin Mama. Ranar da aka ba ni mesa in riƙe, ruwa ya taso ya yi jifa da ni cikin ciyawa gilashina ya yi nasa wuri, sai Kawu ya ɗaga ni ya karkaɗe mini riga ya ce, "Ke dai riƙe mana kwamfuta, ita ba ta harbi." Tun daga ranar duk wani saƙon imel na ƙungiya ta hannuna yake bi.

Sai kuma Tilen. Kafinta ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, kullum da garin katako a girarsa. Aji ɗaya muka yi tun muna yara. Magana tana yi masa wuya kamar biya ake yi kafin a furta ta. Duk ƙauye sun daɗe da ɗaura mana aure a bakinsu, mu biyu ne kawai ba mu taɓa cewa komai ba.

Kowace Lahadi, da Mama ta ɗauki ludayi za ta zuba miyar naman shanu da siririyar taliya, tambayar ɗaya ce.

"Ya yi magana?"

"Wa?"

"Fada na coci. Wa kike zato?"

"Mama, don Allah a bar ni in ci abinci."

"Ci, 'yata, ci. Littattafan nan naki dai ba za su faso miki itacen hunturu ba. Ni a shekarunki har kin fara tafiya."

Sai in sunkuyar da kai in ta juya cokali. Abin da ban gaya mata ba shi ne na ɗora duk burina a kan rabon kalandar bana.

Duk ƙarshen shekara muna sa kayan ƙungiya, bibbiyu, mu bi gida gida mu kai sabuwar kalanda, mu yi wa mutane fatan alheri, su kuma su ba ƙungiya abin da ya sawwaƙa. Unguwannin ƙasa kafin azahar an gama. Hanyar tudu kuwa yini guda ce, gonaki ne a warwatse cikin dusar ƙanƙara, kowane gida sai an zaunar da ku a gindin murhu, an ba ku silifas, an kawo kofi da naɗaɗɗen kek, tsofaffi su ƙare muku kallo daga hula har safa. A hanyar tudu Kawu Stane ya samo Goggo Darinka. A can Babana ya fara riƙe hannun Mama, wai santsi ne ya kusa kayar da ita. 'Yan shekarun nan ni da Tilen ake turawa. Bara, Kaka Francka ta gidan ƙarshe ta riƙe hannuna da nasa ta haɗa, ta ce, "Baɗi kada ku hau mini tudu hannu ba zobe." Kunnuwan Tilen suka yi jajir, ya cusa kek a baki don kada ya amsa. Amma da muna saukowa sau biyu yana buɗe baki yana rufewa. Na ce a raina, bana zai ƙarasa.

Sai ga Brigita.

Nas ce, daga birnin Maribor aka turo ta asibitin gari, ta kama ɗaki a saman gidan burodi. Gajeren gashi, jar rigar sanyi, dariya kamar an kifar da kwandon cokula. Ranar atisayenta na farko ta riƙe mesa ƙam, ko gezau ba ta yi ba, maza suka yi mata tafi. Ni ina gefe da takardar sunaye. Ban ji haushi ba. To, na ji, amma kaɗan.

Inda abin ya fara ci na shi ne a imel. Brigita ba ta san wani maɓalli ba sai na amsa wa kowa. Tilen ya turo sanarwa: "Asabar za mu wanke mesa. Mai zuwa ya zo da safar hannu." Ban gama karantawa ba amsarta ta faɗo, gaban mutum kusan hamsin:

"Ni ce ta farko! Amma taka zan ara, Tilen, tawa ta yage." Da jar zuciya a ƙarshe.

Na ce a raina, bari ki gani, wannan mutumin in ya rubuta "To" ya yi dogon jawabi. Sai ga shi:

"Tawa za ta yi miki yawa." Da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye.

Tilen! Fuskar dariya! Mutumin da ranar haihuwata ya turo mini "Barka" ko ɗigo babu. Ina tsaye a bayan kantar laburare, wata yarinya ta miƙo littafi, na buga mata hatimi a bayan hannu maimakon a kati.

Haka aka yi ta yi. Ya ce za a duba injin famfo, ta ce ita za ta kawo kofi, shi nasa ba sukari ko? Ya ce ta yaya ta sani? Ta ce nas ce ita, tana lura. Ina karantawa a wurin aiki, ina karantawa a bas, ina sake karantawa ina goge haƙori. Har na haddace su.

Gaskiya akwatin imel ɗinmu dama can kasuwa ne. Kawu da manyan baƙaƙe yake rubuta komai, kamar yana kiran mutum daga wancan tsallaken kogi. A tura sanarwa ɗaya, mutum ashirin su amsa wa kowa da "Na gode." Goggo Darinka ta turo hotunan jikanta a ƙarƙashin saƙon gyaran mota. Wani ya nemo saƙon bara ya amsa a kai ya yi tambayar bana. Har ta kai sanarwar horon taimakon gaggawa ta nutse cikin godiya, malamin ya taso tun daga birnin Celje ya tarar da 'yan tsiraru suna hamma. Kawu ya ji kunya sosai. Ni kuwa na samu abin da nake nema.

Ranar taron wata na sa baƙar rigata mai maɓallai har wuya, na ɗaure gashi tamau, na miƙe da takarda a hannuna.

"Ina da 'yar shawara kan yadda muke rubuta wa juna."

"A saurara, malama za ta ba da darasi," in ji wani daga baya.

Na ce kowane saƙo a sa masa take da zai nuna abin da ke ciki, kuma sabuwar magana a buɗe mata sabon saƙo. Na ce a gaisa, a taƙaita, a sa suna a ƙasa. Na ce a rage manyan baƙaƙe, don kamar ihu ne.

"Ihu?" in ji Kawu. "Ni don in ga abin da nake rubutawa ne!"

Aka yi dariya. Na ce wanda aka tambaya ya amsa cikin kwana biyu, kuma mai fushi ya bari ya huce kafin ya rubuta. Na ce masu son musayar aiki su daidaita tsakaninsu tukuna, sannan su turo wa sakatariya saƙo ɗaya tak. Daga nan na zo kan wadda saboda ita na rubuta sauran duka.

"In amsarka mutum ɗaya ta shafa, ka tura masa shi kaɗai. Ba sai kowa ya gani ba. Hotunan zuciya da su raha kuma, akwatin ƙungiya ba wurinsu ba ne."

Ban kalle ta ba. Wallahi ban kalle ta ba, bangon da ke bayanta na kalla.

Brigita ce ta fara tafi. "Gaskiya kika faɗa, Polona, ni ce babbar mai laifi. Ku yafe mini, jama'a. Daga yau Tilen kaɗai zan dinga damu."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Tilen ya sosa ƙeya. Ni ma har da murmushina, kun ji wauta, ina ganin na yi nasara.

Kawu ya buga tebur. "An karɓa. Ni ma ga tawa ɗaya. Duk hukuncin da sakatariya ta yanke kan rabon aiki, ta tura wa kowa, da dalilinta a rubuce. Kada gobe a ce 'yar 'yar'uwata tana son kai."

Na ce na yarda. Me zai hana?

Mako bai cika ba akwatinmu ya zama fes. Sanarwa ta fita, shiru. Kawu ya tare ni a bakin coci ya ce ban taɓa yi wa ƙungiya aiki irin wannan ba, har shugaban ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ya roƙi a tura masa dokokin. Na yi godiya, amma ban ji daɗin yabon ba.

Don sai a lokacin na gane abin da na yi. Da, duk abin da ta ce masa ina gani, duk abin da ya amsa ina gani. Ciwo ne, amma ciwon da ke gaban idona. Yanzu na kore su daga tsakar gida, na tura su ɗaki, na ja musu ƙofa da hannuna. Sai in buɗe waya in ga babu komai, babu koman nan ya fi jar zuciya goma ƙona rai. In na ga Tilen ya ciro waya a wurin atisaye ya yi murmushi, sai in waiga, ita ma tata tana hannunta. Wata rana ina jera huluna na ji ya ce mata, "Wannan hoton karen da kika turo, ya kusa sa ni yanke yatsa." Suka fashe da dariya. Wane kare? Yaushe? Ni da na san ranar haihuwar kowa a ƙungiyar nan, ban san da kare ba.

A ranar kuma na ga safar hannunsa a hannunta. Ta naɗe bakin don ta yi mata yawa.

Ina isa gida, ko takalmi ban cire ba, waya ta yi ƙara. Tilen ne, ni kaɗai ya turo wa, babu take.

"Kina da lokaci ranar Alhamis? An buɗe sabon wurin kek a Celje."

'Yan uwa, da a ce wata uku baya ne, da na yi rawa a kan tabarmar ƙofa. Amma ni safar nan kawai nake gani. Na ce wato ita hoton kare da dariya, ni ragowar Alhamis. Wa ya sani ma ko ita ta ce ba ta da lokaci? Na zauna a kan matakala da rigar sanyina, na rubuta:

"Barka, Tilen. A taimaka a dinga sa wa saƙo take, kamar yadda aka amince. Ranar Alhamis ina da aiki. Na gode. Polona, sakatariya."

Na tura. Na ji daɗi na kamar minti ɗaya. Bai sake rubuto mini ba.

Da lokacin kalanda ya matso na fitar da jadawali. Hanyar tudu: Tilen da Polona. Brigita kuwa na haɗa ta da Kawu Stane, na ba su gidajen bayan tashar jirgin ƙasa, inda rabin mutanen ba sa buɗe ƙofa. Na ce ai sabuwa ce, gara ta koya a wurin shugaba.

Asabar da safe, saura mako guda a fita, muna kicin ni da Mama. Ta shimfiɗa farin zane a kan tebur tana murza ƙullun kek, ni ina shafa haɗin zuma da kirfa. Tagogi sun yi gumi, rediyo yana ta kiɗan akodiyon. Waya ta yi ƙara a aljihun rigar girkina. Na goge yatsa ɗaya na buɗe.

Take: Neman musayar hanya, rabon kalanda. Kwafi: Brigita.

"Barka da safiya, sakatariya. Ni da Brigita mun daidaita. Tana son ta ga hanyar tudu, ni kuma na yarda in kai ta. In kin amince, ke sai ki bi Kawu Stane. Mun tambaye shi, ya ce shi duk ɗaya ne. Muna jiran amsarki. Na gode. Tilen."

Ga take, ga gaisuwa, ga taƙaitawa, ga suna. Ban taɓa ganin saƙo mai tsabta irinsa ba a ƙungiyarmu. Ko waƙafi ɗaya ban samu da zan kama ba.

"Zumar tana zuba a ƙasa," in ji Mama. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na miƙa mata wayar. Ta nesanta ta da ido ta karanta, leɓenta yana motsi. Ta ajiye muciyar murzawa a hankali.

"Nas ɗin nan mai jar riga?"

"Ita."

"Hanyar tudu. Gidan Francka." Ta dafe ƙugu. "Ke kuma kin tsaya kina shafa zuma. Me kika yi masa?"

"Ni? Ni me na yi?"

"Na haife ki, Polona. Tun kina ƙarama in kina son abu sai ki juya masa baya ki jira ya bi ki. Yaron nan ba gwanin bi ba ne, uban ma haka yake, sai da uwar ta tare shi a bakin injin niƙa. Cire rigar girkin nan ki je."

"In je in ce me?"

"Duk littattafan da kika cinye babu wanda aka yi magana a ciki? Wanke hannu. Kuma ba wannan rigar mai kama da ta zaman makoki ba, sa koriyar."

Na sa koriyar rigar ulu da Goggo ta saƙa mini, na saki gashi, na sake ɗaurewa, na sake saki. Na shafa jan baki na goge rabi. Duk hanya ina shirya jawabi mai kan gado, ina isa ya watse.

A ƙofar gidan kwana-kwana na yi kiciɓis da Brigita tana fitowa, kumatunta jajur don sanyi.

"Polona! Kin ga saƙonmu? Mun bi doka ko? Sau uku na sa shi ya gyara taken." Ta kama hannuna kamar wata ƙawata. "Ba ki damu ba dai? Ke kin sha zuwa. Ni kuwa an ce mini tsofaffin can aure suke haɗawa, na ce sai na gani da idona."

Ta kashe mini ido, ta wuce tana kaɗa makulli. Wato ta sani. Ba yawon ganin gonaki za ta je ba.

Tilen yana ciki shi kaɗai, yana naɗe mesa a ƙasa, gwiwa ɗaya a siminti. Ya ɗago ya kalli koriyar rigar, ya mayar da kai.

"Sakatariya."

"Kada ka ce mini sakatariya."

"Ke kika sa hannu da shi."

Na gyara gilashi. "Me ya sa?"

"Ta tambaye ni."

"Ni fa?"

"Ke ba ki tambaye ni ba. Sunana kika rubuta a jadawali, kamar injin famfo."

"Shekara da shekaru tare muke zuwa!"

"Shi ya sa na rubuto miki. Na ce mu je mu zauna, mu biyu, ba kaya ba hula. Kika ba ni darasi."

Abin da ke cina ya fito da kansa, ban shirya shi ba. "Me kuke rubuta wa juna, kai da ita?"

Ya tsaya da naɗin. Sai ga ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin wanda ke sa ni son jifan sa da hula.

"Ai ke kika ce abin da ya shafi mutum ɗaya a tura wa mutum ɗaya."

"Tilen!"

"Kare ne, yawanci. Tana son ta sayi kare."

"Da safar hannu."

"Safa ce, Polona. Ba zobe ba."

Kalmar ta faɗo tsakaninmu. Kunnuwansa suka fara ja. Ya miƙe, ya ɗora mesar a kafaɗa ya kai ta mota, ya dawo yana goge hannu a wando.

"To ka rubuto ka ce ka fasa," na ce, muryata ƙasa ƙasa.

"Ban fasa ba. Ke ce da hukunci. In ba ki yarda ba ki ce a'a, ba wanda zai ja da ke. Dalili kawai za ki rubuta."

"Ka san kowa zai gani."

"Na sani." Ya kalle ni ido cikin ido, abin da bai cika yi ba. "Duk ƙauyen nan sun ce sun san abin da ke ranki. Uwata ta sani, mai gidan burodi ya sani, Kaka Francka ta sani. Ni kaɗai ne ban taɓa ji daga wurinki ba. Na gaji da zato."

"Kai fa? Ni na taɓa ji daga wurinka?"

"Na gayyace ki cin kek."

"Kek!"

"A Celje," ya ce, kamar wannan ne ya kammala hujja.

Na juya na fita kafin hawaye su ba ni kunya.

Da na koma gida ƙanshin kek ya cika ko'ina. Mama ta leƙo, ta ga fuskata, ta koma kicin. Na haye ɗakina, na ture littattafan da ke kan tebur, na buɗe kwamfuta. Rana tana kan rufin maƙwabta, yara suna jan keken ƙanƙara a layi.

Na danna amsa wa kowa. Sunaye suka jeru, daga Kawu har yaran da suka shiga bana.

Na rubuta cewa ba a amince ba saboda Brigita ba ta san hanya ba. Ƙarya, Tilen ya san ta ido rufe. Na goge. Na rubuta cewa ya kamata nas ta kasance kusa da asibiti. Ranar hutunta ce, kowa ya sani. Na goge. Na rubuta cewa akwai karnuka masu cizo a tudu, sai na tuna ita mai son kare ce, na kusa jefa kwamfutar ta taga. Na gwada ɗaya ɓangaren ma: "An amince." Kalma biyu, ba wanda zai yi mini dariya, mutuncina yana nan. Sai na hango Kaka Francka tana haɗa hannunsa da hannun da ke cikin safarsa, tana cewa, a'a, bana an canza mana amarya?

Na goge, na rubuta wannan:

"Barkanku, 'yan uwa. Ban amince da musayar ba. Hanyar tudu ta Tilen ce da ni. Dalili: ina son sa, kuma ba zan iya zama a bayan tashar jirgi ina tunanin yana can da wata ba. Brigita, ki yi haƙuri. Polona."

Na rufe ido na danna. Na zauna hannuwana a tsakanin gwiwoyi.

Wayar ta fara ƙara, ba ta tsaya ba.

Kawu ne farko, ga kowa: "SAI YAU!!! AN AMINCE DA DALILI!!!" Goggo Darinka ta turo hoton aurensu. Wani ya rubuta, "Na gode." Wani ya ce shi zai kawo akodiyon, a sa rana kawai. Direban motarmu ya ce a gaya wa sakatariya wannan saƙo mutum ɗaya ya shafa, me ya sa ta tura wa kowa? Jajayen zukata suka yi ta zubowa, har daga dattawan da ban san sun iya nemo su ba. Ta taga na hango maƙwabciyarmu ta fito ba mayafi, waya a hannu, tana ƙwala wa Mama kira ta kan shinge.

Ina ta ja da yatsa ina neman suna biyu. Babu nata. Babu nasa.

Mama ta banko ƙofa, gari har goshi, idonta cike da ƙwalla tana dariya. "Na ce ki je ki yi magana, ban ce ki hau hasumiyar coci ba! To me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Zai ce. Zauna. Kai, yaran zamani."

Ta zauna a bakin gadona, muka zuba wa waya ido mu biyu. Kek ɗin da ke murhu har ya fara ƙauri ba wadda ta motsa.

Sai ga shi. Ni kaɗai ya turo wa.

"Na gani. Na karanta har sau nawa ban sani ba. Asabar da safe zan zo in ɗauke ki, ki sa takalmin hawa, akwai maganar da zan yi a can sama. Amma Brigita ma za ta zo. Na riga na yi mata alkawari, kuma yanzu ta kira ni ta ce ita ba ta janye ba."

Mama ta karɓe wayar ta karanta da kanta.

"Ku uku?" ta ce. "Hanyar tudu? Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa hawa da uku ba."

Ni lissafina ya riga ya tafi wani wuri. Kujera ɗaya ce a gefen direba a motar Tilen, kuma in ya taso daga gidansu, sai ya wuce gidan burodi, inda Brigita take zaune, kafin ya iso ƙofarmu.